Ranar da Na Kai wa Kafil Kek Ɗin Kirsimeti

Ranar Alhamis, ashirin da biyar ga Disambar 1986, bayan sallar azahar, Baba ya sauke mu ni da Umma a ƙofar wani gida mai hawa biyu a unguwar Suwaidi, ya ce zai dawo ɗaukarmu kafin magariba. Sanyin Riyadh na wannan lokacin ba ya wasa, iska ce busasshiya mai shiga har ƙashi, amma na ƙi sa rigar sanyi don kada ta rufe sabuwar atamfata da aka aiko mini daga gida. Shekarata tara. Ina rungume da kwanon dambun naman da Umma ta kwana biyu tana yi, ina tsallake matakala bibbiyu, ita kuma tana biye da ni tana tattare abayarta, tana ce mini in yi a hankali kuma in rage murya. Ban rage ba. Ni a lokacin ban san yadda ake rage murya ba, duk wanda ya san Zuwaira ya san haka.

Gidan su Rifkatu muka je, ƙawar da ba ni da kamarta a duk ƙasar. Mahaifiyarta da Ummata tare suka yi makarantar koyon aikin jinya a gida Najeriya, ɗaki ɗaya suka zauna shekara uku, sai Allah ya sake haɗa su a Riyadh. Umma aikin asibiti ne ya kawo ta, ita kuwa Maman Rifkatu miji ta biyo, tana zaune a gida. Su Kiristoci ne, mu Musulmi, kuma ban taɓa jin an tsaya tauna wannan magana a gidanmu ko a nasu ba. Baban Rifkatu injiniya ne a wata masana'antar tankunan ruwa da ke Birnin Masana'antu na Biyu. Mai masana'antar, wani dattijo da ake kira Abu Nasir, shi ne kafil ɗinsu, wato mutumin da ya tsaya musu a wajen hukuma, wanda da sa hannunsa aka ba su iƙama, takardar izinin zama. Gidan ma nasa ne, yana ƙasa da iyalinsa, su suna sama. Aikinsu da gidansu da zamansu a ƙasar duk a hannun mutum ɗaya suke. Yanzu nake fahimtar nauyin wannan. A lokacin, Abu Nasir a wurina tsoho ne kawai mai jan gemu da ke ba mu dabino idan ya same mu a bakin ƙofa.

Kusan kowace Alhamis, da yake ba makaranta, a saman rufin gidan nan muke yini. Mu taya Maman Rifkatu shanya, sannan mu zana 'yar gala-gala da gawayi a tsakanin tankunan ruwa, mu yi carafke da ƙwallayen dabino, mu kori tantabarun maƙwabta su tashi su dawo. Idan aka aike mu baƙala, kantin wani Bayamane da ke kan kwana, ni ce mai magana, saboda ni makarantar 'yan ƙasa nake zuwa, Larabci ya zauna a bakina har ya fi Hausata. Rifkatu makarantar Indiyawa aka sa ta, Turancinta kamar ruwa amma Larabcin sai kame-kame. Ita mai sanyi ce, ni kuwa ga kauɗi ga iyayi. Duk wasan da za a yi ni ke kawo shi, ni ke kafa masa doka, in na ga za a cinye ni in sauya dokar. Ta kan yi shiru ta bi ni. Umma kullum sai ta ce, "Ke dai Zuwaira, rawar kan nan naki sai ya ja miki wata rana." Ba ni ya ja wa ba.

Da Maman Rifkatu ta buɗe mana ƙofa a ranar, sai da na yi turus. An saki labule duka, har da bargo a rataye a tagar da ke kallon titi, ni kuma na ɗauka saboda sanyi ne. A kusurwar falo ga wata shuka a tukunya, irin wadda ake ajiyewa a baranda, an manna mata audugar asibiti a ganye, an rataya mata taurari da Rifkatu ta yanka da takardar cakulan mai ƙyalli. Kaset na ta waƙoƙin coci da Hausa, amma an rage shi har sai ka matsa kusa za ka ji. A tsakiya kuma tebur ne da farin ƙyalle mai aikin hannu, da butar shayi ta tangaran mai furanni, da kofuna kowanne da ɗan farantinsa. Wajen matan mishan Maman Rifkatu ta koyi wannan shan shayi na yamma tun tana budurwa, kuma kayan nan a nannaɗe cikin zannuwanta ta taho da su daga gida, sau ɗaya a shekara suke fitowa. Ga cincin, ga burodi da kifin gwangwani an yanka ƙanana-ƙanana, ga dambun Umma an juye a faranti, sannan ga uban gayya, kek mai duhu cike da zabibi, yana ƙamshin kirfa da kanumfari. Aka zuba mini shayi da madara a kofin manya. Na riƙe shi da hannu biyu don tsoron kada in fasa. Iyayenmu suka cire lulluɓi suka baje, suna tuna wata malamarsu mai masifa suna dariya har da hawaye, mu kuma muna gasar wadda za ta fi iya ɗaga ɗan yatsa irin na matan mishan. Wallahi ban taɓa jin daɗin wani wuri a Riyadh kamar na wannan awa ɗaya ba.

Ina cikin cin kek na biyu wani abu ya faɗo mini a rai. A Kaduna, kafin mu taho, gidanmu na tsakiyar gidajen Kiristoci ne. Ranar Kirsimeti tun da hantsi kwanuka ke shigowa, shinkafa da miya da soyayyen nama, an ma yi yankan a hannun Musulmi don mu ci hankali kwance. Ranar Sallah kuma mu ke fita. Ina da shekara biyar aka fara ɗora mini kwano a ka, kakata na bina da umarni har ƙofar zaure: "A fara da na kusa, kuma kada a dawo da abinci." A wurinta babu abin kunya kamar a yi biki a gida maƙwabci ya ji ƙamshi bai ga kwano ba. To ga mu nan muna ta ci, ga Abu Nasir a ƙarƙashin ƙafafunmu, mutumin da ke ba mu dabino, kuma ban ga an fitar masa da ko ƙwayar cincin ba. Sai na ji kunya ta kama ni a madadin Maman Rifkatu. Na ce a raina aiki ne ya yi mata yawa ta manta, bari in fitar da ita kunya.

Aka kira la'asar, muna kan tebur har aka fito daga masallaci. Maman Rifkatu ta kai Umma ɗakinta ta shimfiɗa mata darduma, wadda ta ajiye musamman saboda ita, sannan ta shiga kicin ɗora wani ruwan shayin. Na ja Rifkatu gefe na faɗa mata shirina. Idanunta suka fito. Ta ce mamanta ta ce kada a faɗa wa kowa ana biki a gidan. Na ce ai kowa daban, maƙwabci daban, mamanta 'yan titi take nufi. Ta ce ita dai kada mu je. Na ce to ta zauna, amma ta sani a garinmu wanda bai kai wa maƙwabci abincin biki ba sunansa marowaci, kuma in muka koma gida sai na faɗa wa kowa. Da wannan na karya ta. Na ɗauki tire na jera kek yanka shida da cincin, na rufe da adiko, har na ciro tauraro ɗaya daga jikin shukar na ɗora a kai don ya yi kyau. Muka zare sakata a hankali muka sauka, ni a gaba, ita tana riƙe da gefen rigata.

Gidan Abu Nasir ƙofa biyu gare shi, ta mata a gefe, ta maza a gaba. Da ta mata na nufa, da wataƙila matarsa ta karɓa ta kore mu, maganar ta mutu a nan. Amma ni na ga ta gaba a buɗe, takalma jere a bakinta, na ce ai gara ma a ba maigida hannu da hannu. Majalisinsa ne, ɗakin baƙi, an dawo daga masallaci ana shan gahawa. Maza ne kusan takwas zaune a jikin bango, ciki har da limamin unguwar, na gane shi. Na yi sallama da ƙarfi, aka amsa, wasu har da murmushi. Sai na gyara tsayuwa, na ɗauko Larabcin nan nawa na makaranta wanda malamai ke yabo, na ce ga shi in ji mutanen sama, yau suna bikin Kirsimeti, ga bishiya ga waƙa, sun ce a kawo wa maƙwabci rabonsa, Allah ya maimaita mana. Har da "sun ce" na ƙara, don a ga girmansu.

Saurayin da ke zuba gahawa ya tsaya da butar a sama. Murmushin ya bar fuskokin ɗaya bayan ɗaya, kuma duk suka juya suna kallon Abu Nasir, ba ni ba. Na ji hannun Rifkatu ya saki rigata, na ji gudunta a matakala. Abu Nasir bai ɗaga kai ba, carbinsa kawai yake kallo. Can ya ce a hankali, "Koma sama, 'yata." Ni kuwa an koya mini ba a dawowa da abinci. Na durƙusa na ajiye tiren a bakin ƙofa, na ce idan an gama a aiko mana da tiren. Kai, har yau idan na tuna wannan kalma ta ƙarshe sai in ji kamar in nutse.

Na hau sama ban yarda na yi laifi ba, cewa nake Larabawa ne ba su iya karɓar kyauta ba. Na tarar da Rifkatu a bayan kujera tana kuka mara sauti, Umma ta fito da hijabin sallarta, Maman Rifkatu na tsaye da buta a hannu suna tambayarta abin da ya faru. Ni na ba su labari, tiryan-tiryan, har da tauraron. Umma ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta zame ta zauna a ƙasa. Maman Rifkatu ta ajiye butar, ta tambaye ni mutum nawa ne a ɗakin, na ce takwas. Ta tambaya ko akwai liman, na ce akwai. Sai na ga leɓenta na ƙasa yana rawa. A nan ne tsoro ya fara kama ni, domin ban taɓa ganin babba ya tsorata a gabana ba.

Cikin minti biyar suka rushe abin da aka kwana uku ana shiryawa. Aka kashe kaset aka tura shi ƙarƙashin katifa, aka tsige auduga da taurari aka cusa a jakar shara, aka mayar da shukar baranda. Umma na aiki tana yi mini bayani cikin raɗa da fushi, abin da ya kamata a ce an faɗa mini tun a mota: a ƙasar nan ba a yarda a yi bikin wani addini a bayyane ba, wanda ya yi a ɓoye a ɗakinsa akan kau da kai, amma idan magana ta fita ana iya kama mutum, a kore shi da iyalinsa. Na ce to ai Abu Nasir ya san su Kiristoci ne. Ta ce ya sani mana, sanin da ya yi shi kaɗai daban, wanda aka sanar da shi a gaban liman daban. Babu waya a gidan balle a kira Baban Rifkatu, yana can wajen aiki bai san abin da ake ciki ba. Muka zauna muna sauraron ƙarar motocin baƙin suna tashi ɗaya-ɗaya.

Sai muka ji takun sanda a matakala. Ya ƙwanƙwasa sau biyu. Da yake babu namiji a gidan, ba a buɗe ƙofar duka ba, shi ma ya juya mana baya yana fuskantar bango. Ya fara magana da irin Larabcin tsofaffin Najadu, yankin da Riyadh take, wanda Larabcin asibitin Umma bai kai nan ba, na Maman Rifkatu kuwa na cefane ne. Duk suka juyo suka kalle ni. Ni ɗin dai da na ɓata, ni aka tura bakin ƙofa in yi tafinta.

Ya ce shekara huɗu suna samansa, bai taɓa tambayar abin da suke yi a ɗakinsu ba, kuma bai taɓa ganin sharrinsu ba. Na fassara. Ya ce mijinta mutum ne mai amana, ba shi da ma'aikaci kamarsa. Na fassara da sauri, har na fara jin sanyi a raina. Sannan ya ce amma yau an faɗi magana a majalisinsa a gaban mutanen da ba za su yi shiru ba, idan bai ɗauki mataki da hannunsa ba wasu za su ɗauka, kuma nasu ba zai zo da mutunci ba. Ya ba su wata ɗaya, zai sallami mijinta ya yi musu takardar fita, su koma ƙasarsu ba tare da an taɓa kowa ba. A nan harshena ya ƙi. Na ce wai ya ce a riƙa yin hankali. Maman Rifkatu ta dafa kafaɗata, ashe ta tsinci kalmar wata ɗaya.

"Faɗa mini duka, Zuwaira," in ji ta. "Kada ki rage komai."

Da bakina na faɗa mata. Ina faɗa ina kallon Rifkatu, ita kuma tana kallon ƙasa. Abu Nasir ya jingina tiren da bango, babu komai a kansa, ban san inda kek ɗin ya tafi ba, ya sauka a hankali yana dogara sandarsa.

Ana rufe ƙofa Umma ta yo kaina da hannu a sama. Ban ma kare ba, so nake a dake ni, ko na ji sauƙi. Maman Rifkatu ta shiga tsakaninmu ta riƙe hannun.

"Kada ki taɓa ta, Binta. Wa ya koya mata kai wa maƙwabci abinci? Ba mu ba ne?"

Umma ta fashe da kuka tana ba ta haƙuri, tana cewa da wane ido za ta kalli Baban Rifkatu. Ita kuwa sai ta share fuskarta da gefen zane, ta koma kicin ta sake dafa shayin da ya huce, ta ce kowa ya zauna, yau Kirsimeti ne kuma ba a tashi daga teburinta da sauran kek. Muka zauna mu huɗu a falon da babu sauran ado. Ta zuba wa kowa. Ta yanka abin da ya rage, ta sa mini babban yanki. Na so in ajiye, ga hawaye ga majina, amma ta tsaya a kaina sai da na cinye. Da ta zage ni, da tuni na warke.

Baba ya je wajen Abu Nasir har sau uku, ya tafi da wasu manyan 'yan Najeriya biyu, suka yi bayanin cewa al'adar garinmu ce, kuma yarinya ce ta yi gaban kanta. Ya karɓe su da gahawa, ya ce ya yarda, ya san ba a aiko ni ba, amma magana ta riga ta zaga unguwa. Baban Rifkatu bai taɓa canza mini fuska ba, sai dai ya rame a wata ɗayan nan, domin ginin da ya fara a gida ko rufi ba a yi ba, ga ƙannensa uku da yake ɗauke da karatunsu. Kafin ƙarshen Janairu suka tafi. Ranar da muka je sallama falon duk kwalaye ne. Maman Rifkatu ta rungume ni ta ce in yi karatu sosai. Na bi Rifkatu har saman rufi, na ba ta 'yan kunnena na zinariya da na fi so, ta ƙi karɓa. Ba ta yi fushi ba, ba ta ɗaga murya ba, ta dai dube ni ta ce, "Ai na ce miki kada mu je." Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu. Umma ta yi ta rubuta wasiƙa, an amsa biyu, daga baya suka tashi daga inda suke, adireshin ya ɓace mana.

Yanzu ina Kaduna, na yi jikoki, muryata ma ta ragu ba don kowa ya ce ba. Babu dokar da ta hana kowa bikinsa a nan, coci na buga ƙararrawa, masallaci na kiran sallah. Amma garin ya rabu, Kiristoci suna can ƙetaren kogi, mu muna nan, layinmu kaf babu gidan Kirista ko ɗaya, kuma jikokina ba su taɓa ganin kwanon Kirsimeti ya shigo gida ba. Wani lokaci sai in tuna mata biyun nan a bayan bargo, ɗaya na shimfiɗa wa ɗaya darduma a ƙasar da ake tsoro, in rasa yadda aka yi muka fi su nisa da juna a ƙasarmu. Na tambayi mutane da yawa labarin su Rifkatu, ban samu wanda ya san inda suke ba. Idan tana raye ta haura hamsin ko ta kusa, kuma ban san irin rayuwar da wata ɗayan nan ya bar musu ba. Nakan ce wa kaina shekarata tara, kuma abin da aka koya mini na yi. Gaskiya ne, amma su ne suka ɗaure kayansu.